Ƙudan mangwaro da taswirar da ba ta san lambu ba

Akwai wata magana da kusan kowane Bahaushe ya tashi ya tarar ana yi, wato da zarar ruwan farko ya sauka, mangwaro ya tashi daga aiki, domin ruwan sama kan sa masa tsutsa. Masu sayarwa sun san da haka, shi ya sa suke karya farashi idan hadari ya fara haɗuwa. Iyaye mata ma sun sani, shi ya sa suke hana yara tsintar na ƙasa. Lurar da aka yi daidai ce, sai dai an ɗora wa ruwa laifin da ba nasa ba. Mai laifin wani ɗan ƙuda ne da kaɗan ya ɗara ƙudan gida girma, mai ratsin rawaya a ƙirji da fukafukai garai-garai, wanda danshin damina ke buɗe wa ƙofar hayayyafa. A wannan mako ina so mu dubi wannan ƙuda, mu kuma dubi taswirorin da masana ke zanawa da kwamfuta don hasashen inda zai iya zama da inda ba zai iya ba. Dalilina shi ne, da irin waɗannan taswirori ake yanke shawarar inda za a kashe kuɗin yaƙi da ƙwari, kuma yadda suke kallon yankinmu yana buƙatar mu karanta su da idon basira.

Tun asali Afirka tana da nata ƙudajen 'ya'yan itace. Wanda ya fi shahara a kan mangwaro shi ne wanda masana ke kira Ceratitis cosyra, wanda ya daɗe yana rayuwa a kan ɗanya da gwandar daji kafin ya koma wa mangwaro. Amma a watan Fabrairun 2003 masu bincike suka kama wani baƙon ƙuda a tarkunansu a gaɓar tekun Kenya, irin da ba a taɓa gani a nahiyar ba. Kafin shekarar ta ƙare an same shi a Tanzaniya. A 2004 ya bayyana a Sudan da Kamaru da Jamhuriyar Benin da Senegal, kuma zuwa 2005 an tabbatar da shi a Ghana da Najeriya. Wato cikin shekara biyu ya ratsa nahiyar daga gabas zuwa yamma, tafiyar da fukafukinsa kaɗai ba za su iya yi ba. Motocin kaya da kwandunan matafiya ne suka yi masa jigila. A 2005 aka raɗa masa suna Bactrocera invadens, ma'ana mai mamaya, aka kuma danganta asalinsa da tsibirin Sri Lanka. A 2010 ya faɗa tarko a lardin Limpopo na Afirka ta Kudu. A wurare da dama da aka bi diddigi, kamar Kenya da Benin, baƙon ya danne ɗan gida har ya zama shi ne babban maɓarnacin mangwaro.

Yadda yake ɓarnar abu ne mai sauƙin fahimta. Macen takan huda fatar ɗan itacen da ya fara nuna da wani tsinke da ke bayanta, ta zuba ƙwai a ƙarƙashin fata. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsotsi su dinga cin tsoka har kusan mako ɗaya zuwa biyu, ɗan itacen ya ruɓe ya faɗo. Daga nan tsutsar ta fito ta nutse cikin ƙasa, ta lulluɓe kanta a wani ɗan kwanso, bayan kimanin kwana goma ta fito a matsayin sabon ƙuda. Mace guda tana iya zuba ƙwai fiye da dubu a rayuwarta. Ba ta kuma tsaya kan mangwaro ba: gwaiba, lemo, gwanda, ayaba, yazawa, kaɗanya da wasu ɗaruruwan tsirrai duk abincin 'ya'yanta ne. Mai karatu ya riƙe wannan gaɓa ta zama cikin ƙasa, domin a nan ne raunin ƙudan yake. Ƙasa busasshiya mai zafi da iska marar laima suna hallaka shi, ƙasa mai danshi a ƙarƙashin inuwa kuwa shimfiɗa ce gare shi.

Asarar ba ta tsaya ga abin da ya ruɓe a gindin bishiya ba. Ƙasashen da ba su da wannan ƙuda suna tsoronsa matuƙa, kuma tsutsa ɗaya da aka gani a tashar jirgin ruwa ta Turai ta isa a lalata kwantena guda, mai kaya ya biya kuɗin lalatawar. Mali da Kwaddibuwa da Burkina Faso da Senegal, waɗanda su ne manyan masu kai mangwaron Afirka ta Yamma Turai, sun sha wannan ɗaci. Kenya da kanta ta dakatar da kai mangwaro Tarayyar Turai a 2014 don gudun a rufe mata ƙofa gaba ɗaya, ta shafe kimanin shekara bakwai kafin ta koma. A 2019 Tarayyar Turai ta sanya wannan ƙuda cikin jerin ƙwari ashirin da ta fi ba muhimmanci, ta kuma tsaurara sharuɗɗan shigo da mangwaro. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi noman mangwaro a Afirka, amma da wuya ka ga nata a waɗancan kasuwanni. Duk gwamnan da ke alkawarin fitar da 'ya'yan itace waje ko kafa masana'antar matse su, da wannan ɗan ƙuda zai fara cin karo, ko ya san da shi ko bai sani ba.

Tunda ba a iya kafa tarko a kowace gona ta duniya, masana sun ƙirƙiro hanyar hasashe. Tushenta tsohon tunani ne. A 1917 wani masanin tsuntsaye Ba'amurke, Joseph Grinnell, ya nuna cewa kowace halitta tana da gurbin rayuwarta, wato irin zafi da sanyi da laima da ciyayin da take iya zama a cikinsu. A 1957 G. Evelyn Hutchinson ya mayar da wannan tunani lissafi, ya kuma bambanta gurbin da halitta za ta iya cikewa da wanda ta cike a zahiri. Makiyayi ya san wannan ilimi ba tare da allo ba: ya san inda raƙumi ke jin daɗi, ya san inda saniya za ta rame saboda ƙudan tsando. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne iya auna dubban wurare a lokaci guda.

Ga yadda ake yi a taƙaice. Mai bincike zai tattara duk wuraren da aka tabbatar an kama ƙudan, kowanne da lambobinsa na taswira. Sai ya ɗauko bayanan yanayi na duniya, kamar rumbun WorldClim da aka fitar a 2005, wanda ya yanka doron ƙasa gida-gida kamar daran dara, kowane gida da ma'aunai goma sha tara na zafi da ruwan sama: matsakaicin zafin shekara, sanyin watan da ya fi sanyi, ruwan watan da ya fi bushewa da sauransu. Manhaja irin MaxEnt, wadda Steven Phillips da abokan aikinsa suka gabatar a 2006, za ta duba irin yanayin da wuraren kamun suka yi tarayya a kai, sannan ta bi duniya gida-gida tana ba kowanne maki gwargwadon kamanninsa da su. Akwai wata hanyar, ta manhajar CLIMEX da aka ƙirƙiro a Ostareliya a 1985, wadda ke farawa daga jikin ƙwaron: a wane zafi yake girma, wane sanyi ke kashe shi, wace bushewa ba ya jurewa. Sakamakon duka biyun taswira ce mai launuka, ja a inda haɗari ya yi yawa, fari a inda ake ganin ƙwaron ba zai zauna ba.

A 2010 Marc De Meyer na gidan adana kayan tarihin Afirka ta Tsakiya da ke Tervuren a Beljiyam, tare da abokan aikinsa, suka buga irin wannan taswira game da baƙon ƙudan namu. Sun yi amfani da manhajoji biyu, kuma dukkansu suka nuna cewa inda ya fi dacewa da shi shi ne yankunan kurmi masu yawan ruwan sama. MaxEnt ta fitar da mafi yawan wuraren da ke da doguwar rani daga lissafi, ɗaya manhajar kuwa ta ce sun dace da shi sama-sama. Wanda ya kalli wannan taswira daga Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi zai iya sakin jiki ya ce matsalar ta mutanen kudu ce. Bayan shekara shida, a 2016, Marelize de Villiers ta cibiyar binciken lemo ta Afirka ta Kudu da abokan aikinta suka sake lissafin da CLIMEX. Sun kafa tarkuna a ƙasashen Afirka suna ƙirga ƙudaje a tsawon shekara, suka kuma shigar da abin da na baya ba su shigar ba, wato ban ruwa. Da aka saka ban ruwa a lissafi, sai mafi yawan nahiyar Afirka ta fito a matsayin wurin da yanayinsa zai iya ɗaukar ƙudan.

Ba ina nufin aikin 2010 ya lalace ba ne. Masu shi sun amsa tambayar da suka yi da bayanan da ke hannunsu, kuma abin da suka gano game da son ƙudan ga laima yana nan daram. Amma tazarar da ke tsakanin taswirorin biyu darasi ce, kuma ina ganin abubuwa huɗu ne suka haifar da ita, waɗanda duk suka shafe mu kai tsaye.

Na farko shi ne ruwan da ba daga sama ya zo ba. Bayanan yanayi suna auna ruwan sama ne, don haka a idon kwamfuta Sakkwato wuri ne da ke samun milimita 600 zuwa 700 a shekara, ya kuma shafe wata bakwai ba ɗigo, alhali Kalaba tana samun kusan 3,000. Kwamfutar ba ta san an gina madatsar Tiga a 1974 ba, ba ta san magudanan Kadawa ba, ba ta san Bakolori da Goronyo da Dadin Kowa ba, balle dubban injinan ban ruwa da ke kuka a fadamun Haɗeja da bakin Kwara a Gaya. Ƙudan kuwa ba ruwansa da matsakaicin ruwan shekara. Abin da ya dame shi shi ne ko ƙasar da ke ƙarƙashin wannan bishiyar gwaibar tana da danshi a watan Maris. Ƙari a kan haka, gida mafi ƙanƙanta a daran WorldClim ya kai kusan murabba'in kilomita ɗaya, kuma taswirorin duniya sukan yi amfani da gidajen da suka ninka haka sau ɗaruruwa. Lambu mai kadada ɗaya ko biyu ɓacewa yake yi a cikin irin wannan gida kamar gishiri a rijiya.

Na biyu shi ne suna. Shekaru kusan goma ana ɗaukar baƙon namu a matsayin jinsi mai zaman kansa, don haka masu lissafi suka ciyar da kwamfuta da wuraren kamu na Afirka da na yankin Sri Lanka kawai. A 2014, bayan binciken haɗin gwiwa da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar makamashin nukiliya ta duniya suka jagoranta, aka tabbatar cewa shi ne dai tsohon ƙudan nan na Asiya, Bactrocera dorsalis, wanda ya addabi Indiya da Sin da Tailan, ya kuma shiga tsibiran Hawayi tun tsakiyar shekarun 1940. An gwada su ta ƙwayoyin gado da barbara da sinadaran jikinsu aka ga abu ɗaya ne. Da sunan ya canza, sai wuraren kamu suka faɗaɗa zuwa yankuna masu sanyin hunturu da masu doguwar rani, gurbin rayuwar da ake zato ƙunci ne ya zama mai faɗi. Ƙudan bai canza hali ba ko kaɗan, iliminmu ne ya cim masa.

Na uku shi ne lokaci. Manhaja irin MaxEnt tana aiki ne bisa zaton cewa halittar ta riga ta isa duk inda za ta iya isa. Wannan zato ba ya tsayawa ga baƙon da ke kan hanya. Idan ka ɗauki hoton ambaliya a sa'arta ta farko ka ce iyakarta ke nan, za ka bar mutanen gangare suna barci. Wuraren kamu da aka tara a shekarun farko na mamayar suna nuna inda ƙudan ya riga ya kai ne, kuma bambancin da Hutchinson ya yi tun 1957 yana nan yana jiran duk wanda ya manta da shi.

Na huɗu, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a matsayina na malamin jami'a, shi ne ramin da ke cikin bayanan kansu. Kwamfuta tana koyo ne daga inda aka kama ƙuda, kuma ana kama ƙuda ne a inda wani ya kafa tarko ya kuma rubuta abin da ya gani. Sanannen abu ne a wannan fanni cewa wuraren kamu sukan taru a gefen manyan tituna da kewayen cibiyoyin bincike. A Afirka, bincike mai zurfi kan wannan ƙuda ya fi fitowa daga inda cibiyar icipe take a Kenya, da tashar IITA ta Kwatano a Benin, da jami'ar Sokoine a Tanzaniya, da ƙasashen da ke fitar da mangwaro waje. Yankin da ba a kafa tarko ba zai fito fari a taswira, ko babu ƙudan ko yana nan fal. Haka kuma tashoshin auna yanayi da ake gina bayanan a kansu sun yi ƙaranci a yankin Sahel, sai a cike tsakaninsu da ƙiyasi. Rashin sani ya fi dare duhu, amma a taswira da farin launi yake fitowa, mai kallo ya ɗauka lafiya ce.

Bayan waɗannan huɗu akwai abin da babu taswirar yanayi da ke nunawa, wato hanya. Mangwaro yakan fara nuna a kudu da tsakiyar ƙasa kafin ya nuna a arewa, don haka manyan motoci ke ɗauko na Binuwai su sauke a kasuwanni irin 'Yan Lemo ta Kano, daga nan a rarraba har ƙetaren iyaka. Abin da ya ruɓe a hanya a gefen kasuwa ake jibge shi, tsutsar da ke ciki ta sauka ƙasa ta ƙarasa girmanta. Ko da rani ya share ƙudan daga wani yanki ƙaf, kasuwa tana iya dawo da shi kowace shekara ba tare da ya kaɗa fiffike ba.

Wani zai ce, in haka ne me ya sa za mu ɓata lokaci kan taswirorin da ke sauya magana? Amsata ita ce sun yi amfani, kuma suna yi. Taswirar 2016 ta ambaci wasu sassan gaɓar tekun Bahar Rum cikin wuraren da ke fuskantar haɗari, sai ga shi a 2018 an kama ƙudan a tarkuna a yankin Kamfaniya na kudancin Italiya, karo na farko a gonakin Turai. An kama shi da wuri ne domin an san inda ya kamata a sa ido. Ostareliya ta ga ɗan wannan jinsi kusa da garin Cairns a 1995, ta far masa nan take, zuwa 1999 ta bayyana cewa ta kawar da shi. Japan ta share shi daga tsibiranta na kudu a 1986 bayan aikin shekaru goma sha takwas. Abin da ya dace shi ne a ɗauki hasashe a matsayin jagoran da ke nuna inda za a kai tarko, sannan tarkon ya faɗi gaskiyar lamari. Kuskuren da nake jin tsoro a wurinmu shi ne a ɗauko taswirar da aka zana don duniya, a liƙa a takardar neman kuɗi ko rahoton ma'aikata, a ce ta gama magana a kan ƙaramar hukuma.

Akwai kuma albishir a cikin wannan lissafi, wanda a ganina shi ne ya fi cancantar a yi aiki da shi. Duk binciken sun haɗu a kan cewa bushewa maƙiyiyar ƙudan ce. A Benin an ga yadda yawansa ke faɗuwa da rani, ya yi tashin gwauron zabi da saukar ruwan farko, shi ya sa mangwaro mai nuna a makare, irin Kent da Keitt, ya fi shan wahala. Manomin kurmi yana fama da shi kusan duk shekara, domin ko'ina akwai laima da 'ya'yan itace. Mu kuwa hunturu da zafin bazara suna yi mana rabin aikin kyauta. Idan ƙudan zai tsallake rani a ƙasar Hausa, hankali ya nuna cewa a 'yan tsibiran kore zai fake: lambunan ban ruwa, bakin madatsu, gidajen da ke da gwaiba da lemo a tsakar gida, da jujin kasuwannin 'ya'yan itace. Waɗannan wurare ƙirgaggu ne, ana iya zana su, ana iya kai musu farmaki a watannin Fabrairu da Maris lokacin da abokin gaba yake da rauni. Taswirar da muke buƙata ke nan, kuma ba wanda zai zana mana ita daga Beljiyam.

Kayan aikin ba su fi ƙarfinmu ba. Namijin wannan ƙuda yana da wani rauni na ban mamaki: ƙamshin sinadarin methyl eugenol yana jawo shi daga nesa. Gorar ruwa ta roba da aka huda, da ɗan audugar da aka jiƙa da sinadarin tare da ɗigon maganin ƙwari, ta zama tarko. Da wannan dabara ta karkashe maza Japan ta yi nasararta. Muna da jami'o'i da kwalejojin aikin gona a kusan kowace jiha, muna da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, muna da tashoshin cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa a Bagauda da Dadin Kowa. Kowace shekara ɗaruruwan ɗalibai suna neman batun kundin kammala karatu. A ce kowane sashen nazarin ƙwari ko kare amfanin gona ya riƙe tarkuna ashirin a wurare tsayayyu, wasu a lambu, wasu a gonar tudu, wasu a kasuwa, a dinga ƙirgawa kowane mako ana rubuta lambobin wurin da wayar hannu, aji yana miƙa wa aji, cikin shekara uku za mu mallaki bayanan da babu irinsu a yankin Sahel.

Sharaɗi biyu ne kawai. Na ɗaya, a rubuta sifiri. Tarkon da ya kwana huɗu a Gumel bai kama komai ba ya ba da labari mai daraja daidai da wanda ya cika, domin rashin irin wannan shaida ne ya sa manhajoji ke hasashe a makance. Na biyu, a fitar da bayanan daga kabad. Kundin da ya ƙare a kan kanta yana shan ƙura bai shiga lissafin kowa ba. Akwai rumbun GBIF na duniya, wanda aka kafa a 2001, inda kowace jami'a za ta iya zuba wuraren kamunta kyauta, kuma daga irinsa ne masu zana taswira ke ɗiba. Wanda bai kai ƙwaryarsa wurin rabo ba, kada ya yi ƙorafin an manta da shi.

Manomi kuma ba sai ya jira mu ba. Tunda tsutsa a ƙasa take ƙarasa girma, tsince duk ɗan itacen da ya faɗo sau biyu ko uku a mako yana yanke zuriyar. A binne shi a rami mai zurfin da ya kai rabin mita, ko a ɗaure shi a baƙar leda a bar shi a rana na wasu kwanaki, ko a ba dabbobi tun bai ruɓe ba. Akwai maganin da ake haɗawa da abincin da ke jawo ƙudan, a fesa a ɗan sashen bishiya maimakon a wanke ta gaba ɗaya da guba. Cibiyar icipe ta shigo da wani ɗan ƙaramin zanzaro daga Hawayi, Fopius arisanus, wanda ke zuba ƙwansa cikin ƙwan ƙudan, an kuma sake shi a ƙasashe da dama na Afirka. A Benin an nuna cewa bishiyar da jar tururuwar nan mai ɗinke ganye ta yi gida a kanta ba ta cika shan ɓarna ba. Sai dai duk wannan aikin gayya ne. Wanda ya share lambunsa alhali maƙwabcinsa ya bar nasa, ya yi wa ƙudan maƙwabci shara ne kawai. A nan ne sarkin noma da ƙungiyoyin masu ban ruwa da shugabannin kasuwa suke da rawar da babu farfesan da zai taka musu.

Gwamnatocinmu suna ta faɗaɗa noman rani, kuma daidai ne su yi, domin damina kaɗai ba za ta ciyar da mu ba. Abin da nake roƙo shi ne a san cewa kowace sabuwar magudanar ruwa tana sauya taswirar ƙwari kamar yadda take sauya ta abinci. Duk shirin ban ruwa da za a dasa itatuwa a cikinsa ya kamata ya zo da kasafin tarko da mai duba shi, tun ranar da aka buɗe ruwa. Kuɗin bai kai na fentin ofishin shirin ba, kuma rigakafi ya fi magani. Ga abokan aikina malamai da ɗalibanmu masu sha'awar koyon MaxEnt kuwa, ku koya, ilimi ne mai kyau. Amma kafin ku danna maɓallin da zai fitar da taswira mai ja da fari, ku tambayi kanku tarko nawa aka kafa a yankin da kuke shirin yi wa hukunci, da kuma wanda ya je ya duba su.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.